Yadda na faɗa harkar bindigar gasa a Houston, da abin da na gani yana sa harsashi ya bi ramin ɗan uwansa

Jama'a assalamu alaikum. Tunda na saka a intanet hoton takardar da na harba da bindiga mai rami guda a tsakiya mutane suke ta tambayata wai da gaske harsashi biyar ne suka bi ta wajen, wasu kuma suna cewa ai kuɗi ne kawai, duk wanda ya sayi irin bindigar zai yi haka. To bari na bada labarin daga tushe dan ku ji yadda abun yake. Amma tun yanzu na faɗa, wannan wasa ne na harbin takarda, a filin da hukuma ta sani, da bindigar da aka saya bisa doka a ƙasar da dokarta ta yarda. Na san abin da bindiga ta yi mana a gida, dangin matata a Zamfara suke, ba sai an bani labari ba. A Najeriya irin wannan bindiga ba abin da mutum zai ce zai ajiye a ɗaki bane, kuma bana ba kowa shawarar ya nema.

Ni haifaffen Zariya ne, na karanta aikin injiniya na ƙarfe, na zo Amurka da aure da yaro ɗaya, muka zauna a Houston inda 'yan Najeriya suka cika kamar me. Aikin da Allah ya bani shine awo a wani kamfani da ke ƙera kayan haƙar mai. Wato in injin ya gama fiƙe ƙarfe sai a kawo min na auna, in ya kauce da kashi ɗaya cikin dubu na inci na mayar musu. Shekara da shekaru ina wannan aikin har idona ya saba, ko ƙofar gida na kalla sai naga ta karkace, uwargida har tsokanata take yi.

A wajen aikin akwai wani dattijo Bature, ɗan Texas na asali, shiru-shiru, kullum da hular kaboyi. Shi ya fara gayyatata filin harbi ranar wata Asabar. Na daɗe ina zillewa dan gaskiya a raina bindiga ta soja ce da ɗan sanda da ɓarawo, ban ga abin da zai kai ni ba. Ranar da naje abin da ya fara bani mamaki shine tsari, ba wanda ya isa ya taɓa bindiga in an ce mutane za su je duba takarda, kowa ya cire sakatar bindigarsa ya ja baya, akwai mai kula da fili da in ya daka maka tsawa sau ɗaya na biyu waje za ka yi. Yawancinsu tsofaffi ne, wasu da sanda suke tafiya, kowa da ɗan littafinsa yana rubuce-rubuce kamar 'yan jarabawa. Dattijon ya zaunar dani a kan benci ya ɗora bindigarsa a kan buhunan yashi yace na gwada a yadi 100. Na harba biyar, muka je muka duba, sai naga ya ciro irin abin awon da nake amfani dashi a wajen aiki yana auna tazarar ramukan. Nan take abun ya shige ni, nace ashe ma aikina ne, ƙara ce kawai ta yi yawa.

Su masu wannan harka basu damu da ko ka samu tsakiyar takarda ba da farko, dan wannan gyaran madubin saiti na kan bindiga ne kawai, murɗa maɓalli. Abin da suke kallo shine gungun ramukan, harsashi biyar ko goma da ka harba da saiti ɗaya sun taru ko sun watse. Suna aunawa da wani abu da suke kira MOA, wato kashi ɗaya cikin 60 na digiri, wanda a yadi 100 yake kusan inci ɗaya, a yadi 1000 kuma inci goma da ɗan ɗori. Bindigar farauta ta kanti in ta yi inci ɗaya ana yaba mata. Ta gasa ana so ta yi rabin haka ko kwata. Su kuma 'yan gasar benci wata duniya ce daban, a 1973 wani mai suna Mac McMillan ya harba biyar a yadi 100 tazararsu ta fito 0.009 na inci, wannan tarihin ya zauna shekara 40 ba wanda ya karya sai a 2013 da Mike Stinnett ya yi 0.0077 a nan Texas. Ni da nake aikin awo na san me wannan lambar take nufi, kaurin takarda biyu ne na littafi, da harsashin da ya yi tafiyar kusan tsawon filin ƙwallo.

Bayan na samu takardar zama na sayi bindigar kanti, aka binciki sunana kamar yadda doka ta ce, na shiga kulob. Bindigar ba laifi, tana yin inci ɗaya da ɗan wani abu, wata rana ta yi kyau wata rana ta watsar. Da na fara zuwa gasar nesa wadda ake kira F-Class, wadda wani ɗan Kanada George Farquharson ya assasa dan tsofaffin da idonsu ya yi rauni su samu damar amfani da madubi da abin dogara bindiga, sai naga a yadi 1000 da'irar maki goma faɗinta inci 10 ne, ta cikinta kuma inci 5. Lissafi baya ƙarya, bindigar da ke watsa inci ɗaya a kusa ta riga ta cinye da'irar gaba ɗaya tun kafin iska ta sa baki. Daga nan na fara tara kuɗin a haɗa min tawa.

Maƙerin da dattijon ya kaini wajensa a bayan gidansa yake aiki, shago ƙarami, injin fiƙe ƙarfe tsoho amma tsaf-tsaf, ko ƙura babu. Na je da dogon lissafi na abubuwan da na gani a intanet, sunan kamfani kaza da kaza. Ya karɓa ya ajiye a gefe ko karantawa bai yi ba, yace wane harsashi zaka harba, nisan nawa, a kwance ko a benci. Da na amsa sai yace to bututu zamu fara nema, sauran duk masu yi masa hidima ne. Yace in kuɗinka ya gaza ka rage a ko'ina amma banda bututu da aikin da za'a yi masa.

Anan ne na fahimci abin da kakana bai samu ba. Kakana maharbi ne, yana da harbi-ka-ruga irin wadda ake ɗurawa ta baki, a zuba albarushi da ƙiyasi, a danna tsumma, a zuba dalma ko guntayen ƙarfe. Cikin bututunta sumul yake, dalmar tana fita ne tana karo da bango duk inda ta ga dama, shi yasa sai ya lallaɓa ya matso kusa da nama kafin ya harba, gwanintarsa a sanɗa take da sanin daji. Ita kuwa ta zamani an yi wa cikin bututun tsagi mai murɗawa tun daga gindi har baki, harsashin yana shiga tsagin ya kama shi ya juya shi kamar katantanwar da yara ke murzawa a ƙasa, muddin tana juyi da ƙarfi bata faɗuwa. Nawa bututun yana kammala murɗa ɗaya a duk inci 8, harsashin kuma 6.5 Creedmoor ne wanda kamfanin Hornady ya fitar a 2007, nauyinsa wajen giram 9, yana fita da gudun mita 820 a daƙiƙa ko kusa da haka. Na zauna na buga lissafi, harsashin yana juyawa sama da sau 240,000 a minti ɗaya. Injin mota in ya kai 6,000 ihu yake. To abin da ke irin wannan juyin in nauyinsa ya ɗan fi yawa a gefe ɗaya, ko ya shiga bututun a ɗan karkace, ai dole ya fita yana rawa, kuma kowane da irin rawarsa. Harsashi mai tsawo yana buƙatar murɗa mai sauri, in ka sa masa murɗa marar sauri zaka ga ya huda takarda a kwance, wannan lissafin tun 1879 wani malamin lissafi na Ingila Greenhill ya fitar da shi.

Kamfanonin da suka yi suna a bututun gasa ba su da yawa, akwai Krieger da Bartlein a jihar Wisconsin, su yankan tsagin suke yi a hankali, wuƙar tana wucewa sau ɗaruruwa tana ɗebe ɗan mitsitsi, akwai kuma irinsu Shilen a nan Texas da Hart a New York da suke wucewa da wani dunƙulen ƙarfe mai tauri ta cikin ramin ya matse tsagin a tafiya ɗaya. A filin harbi in ka tada wannan maganar wace hanya ta fi, to ranar ba za'a tashi ba, kowa da ɗariƙarsa. Ni abin da na gani duka biyun suna cin gasa. Abin da ya fi muhimmanci shine faɗin ramin ya zama ɗaya daga farko har ƙarshe, kar ya buɗe a baki, a goge cikin da hannu ya yi santsi, sannan ƙarfen a fitar masa da gajiyar da ya ɗauka wajen ƙira, dan in ba haka ba da ya ɗau zafi zai fara lanƙwasa kaɗan kaɗan kaga ramukan suna tafiya gefe ɗaya a jere. Na jira bututuna wata da watanni, har na fara tunanin ko sun manta.

Da ya iso sai aikin maƙeri. Ya barni na tsaya na kalla dan ya san sana'ata. Bututun yana zuwa ne ba mazaunin harsashi, shi zai yanka, kuma duk sirrin aikin nasa shine mazaunin ya hau layi ɗaya da ramin bututun. Ya ɗau lokaci mai tsawo yana daidaita bututun a kan injin da agogon awo kafin wuƙa ta taɓa ƙarfe, allurar agogon har sai da ta kusa daina motsi. Ni da nake mayar wa mutane aiki a kan kashi ɗaya cikin dubu, sai ga mutum a bayan gida yana faɗa da kashi ɗaya ko biyu cikin dubu goma. Yankan kansa bai ɗau rabin lokacin saitin ba. Sai leɓen bakin bututun, inda harsashi ke rabuwa da ƙarfe, yace in gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo ko ya samu ɗan tabo, iskar albarushin zata riga fita ta nan ta ture gindin harsashin. Shi yasa zaka ga masu harkar basa jingina bakin bindiga a ƙasa, basa kuma shigar da sandar wanki ta baki, ta baya suke bi. Ya ce min bututun da mutane suka kashe da wanki sun fi waɗanda harbi ya kashe, ban san ko gaskiya bane amma na kiyaye.

Uwar bindigar, wato inda sakata take, mutane sun fi kashe kuɗi a kanta dan ita ake gani ita ake taɓawa. Yawancin na gasa an yi su ne a kan fasalin Remington 700 da ta fito tun 1962. Aikinta ta riƙe bututu a miƙe, ta rufe kwanson harsashi, wato gidan albarushi, daidai, ta bugi gindinsa da ƙarfi iri ɗaya kullum. In ta yi wannan shikenan, ƙarin dala dubu santsin hannu kawai zai ƙara maka. Na ɗauki matsakaiciya ban yi nadama ba.

Ƙotar kuma naso ta katako dan kyau, maƙerin yace a Houston? Garin da in ka shanya kaya tun safe har la'asar basu bushe ba? Katako yana shan raɓa ya kumbura, rani ya zo ya tsuke, duk motsin da ya yi sai ya matsa ƙarfen. Muka ɗauki ta roba mai tauri, ya yi wa uwar bindigar shimfiɗa da wani irin gam mai daskarewa yadda zata zauna daram ba gibi, kuma duk shurin da bindiga ta yi ta koma inda take. Bututun kuwa baya taɓa komai tun daga gindinsa har baki, ana gwadawa da takardar dala a zura ta ƙarƙashinsa ta wuce ba ta maƙale ba. Dalili shine in an harba bututun girgiza yake yi, ido baya gani amma yana yi, kuma ba hana shi ake son yi ba, so ake ya yi girgiza iri ɗaya a kowane harbi. Kunamar ma an sassauta ta, ta kanti sai ka ja da nauyin kilo biyu ko fiye, wanda kafin ta saki ka riga ka motsa bindigar, 'yan benci tasu giram 50 zuwa 60 ce, numfashi ma ya kusa tada ta. Tawa ban kai can ba dan ina tsoro.

Maganar kuɗi kam an sha daru a gida. Uwargida tace Baban yara, wannan kuɗin da ka zuba a ƙarfen da zaka huda takarda da shi ai ya isa a yi wa Hajiya rufin ɗaki. Gaskiya ta faɗa, sai da aka yi rufin ɗakin tukunna na sayi madubi, bindigar ta zauna a akwatin ƙarfe a kulle ba ido.

Ranar da na fara harba ta da harsashin kanti mai kyau ta yi wajen rabin inci, na ji daɗi sosai. Bayan kwana biyu na sayo wani kwalin, kamfani ɗaya, suna ɗaya, sai gungun ya buɗe. Na koma wajen maƙeri da fushina, ya karɓi kwalayen biyu ya nuna min lambar da ke gefe, ba rana ɗaya aka yi su ba, ba zubi ɗaya bane. Daga nan na shiga ɗura harsashi da kaina kamar yadda kusan duk 'yan gasa suke yi, doka ta yarda a nan. Ba zan kawo awon albarushi a nan ba dan abu ne da in an yi ganganci yake fasa bindiga a fuskar mutum, akwai littattafan kamfanoni da ake bi. Abin da zan ce shine aikin duk na daidaitawa ne, albarushin kowane kwanso a auna shi har ƙwaya, wuyan kwanson ya riƙe harsashi da ƙarfi iri ɗaya, nisan da harsashin zai yi tsalle kafin ya kama tsagi ya zama ɗaya. Akwai na'urar da ke auna gudun harsashi, a yadi 100 bambancin gudu ba ya nuna kansa sosai, amma a yadi 1000 wanda ya fita a sanyaye ƙasa zai faɗa, mai zafi ya hau sama, sai kaga ramukan sun yi tsaye kamar layi. Kuma kowane bututu da abin da yake so, nawa da na dattijon kamfani ɗaya ne, maƙeri ɗaya, amma abin da nasa ke so nawa baya so. Wannan har yau yana bani haushi a matsayina na mai awo, dan a takarda ƙarfen biyu ɗaya ne.

Akwai wani labari da kowa a harkar nan ya sani kuma a garin nan ya faru. Wani mai suna Virgil King ya samu wani ƙaton sito a Houston, shi da abokansa suka riƙa shiga da dare suna harbi a ciki, ba iska, ba rana, ba komai, dan su ga iyakar abin da bindiga zata iya in an cire yanayi. Bindigogin da suka fi kyau a can sun riƙa yin gungun da bai kai kashi ɗaya cikin goma na inci ba a kai a kai, wasu kuma da ake ta yabo a waje suka shiga asirinsu ya tonu, dan ba iskar da za'a ɗora wa laifi. Kuma yawancin wahalar da ya sha a kan gyaran kwanso ne. Tsofaffin kulob ɗinmu in suna bada labarin sai kace sun je, alhali da ka matsa da tambaya sai kaji a wajen wani suka ji.

Madubi shima ya taɓa wahalar dani. Akwai lokacin da bindigar ta rikice, biyu nan uku can, na canza harsashi, na wanke bututu, har na fara zargin maƙeri a raina. Wani yaro matashi a fili ya zo ya kama madubin ya girgiza, ashe noti ɗaya na ƙafar madubin ya saki. Tun daga ranar nake ɗaure su da sifana mai awo. Wani abun kuma shine in baka daidaita madubin da nisan takarda ba, kana motsa kai kaɗan zaka ga layin saitin yana yawo a kan takarda alhali bindigar bata motsa ba, mutane da yawa suna zagin bututu a kan wannan.

Duk wannan da na lissafa kuɗi da haƙuri suna saye. Wanda basa saye shine mutumin da ke bayan bindigar. Wata rana ina ta ƙorafi bindigar taƙi yin abin da nake so, dattijon yace tashi. Ya kwanta da bindigata da harsashina, ya harba biyar, gungunsa ya fito rabin nawa. Bai ce komai ba ya tashi ya kakkaɓe wando. Daga baya ya nuna min, kafaɗata wani lokaci na danna wani lokaci na saki, kuncina a kan ƙota ba waje ɗaya yake sauka ba, ina ɗaga kai na kalli takarda tun harsashin bai gama fita ba. Harsashin yana ɗaukar wajen kashi ɗaya ko biyu cikin dubu na daƙiƙa a cikin bututu, a wannan ɗan lokacin bindigar ta riga ta fara ja baya, to in riƙonka ya canza hanyar da zata ja ma ta canza. Ya sa ni na riƙa gwada jan kunama a gida ba harsashi, bayan na duba sau biyu ba komai a ciki. Wani abin mamaki, da azumi na fi harbi da kyau da safe, ba kofi a cikina, bugun zuciyata da nake gani a madubi yana lafawa. Amma da rana ta take a zafin Texas sai ido ya fara yaji, nan kuma sai a hankali.

Sai iska, wadda ita ce take raba manya da yara. A yadi 1000 harsashina yana yin wajen daƙiƙa ɗaya da rabi a sama, iska mai gudun mil 10 a awa in ta bugo daga gefe tana ture shi kusan mita biyu. Ka tuna da'irar inci 10 ce. Wato in ka yi kuskuren karanta iskar da mil ɗaya kacal ka fita daga goma, duk da bututunka na Wisconsin da shimfiɗarka da albarushin da ka auna har ƙwaya. Kuma iskar da ke wajenka ba ita ke tsakiyar fili ba, zaka ga tuta ta kusa tana nuna dama ta nesa tana nuna hagu. Gwanayen basa ma dogara da tuta sosai, kawalwalniya suke kallo ta madubi, yadda zafin ƙasa ke tashi yana kwarara, in tana gudu gefe ga iska, in ta tsaya tana tafasa sama to iskar na shirin juyawa, kar ka harba. Na ga wata mata mai shekaru wajen sittin da bindigar da bata kai rabin kuɗin tawa ba ta lallasa mu duka a ranar iska, tana harbi tana tsayawa, wani lokaci ta yi minti biyar bata taɓa kunama ba sai ta saki biyar a jere da sauri kafin yanayin ya canza.

Game da hoton da na saka kuwa, eh biyar ne, a yadi 100, da sassafe ba iska. Amma kar ya ruɗe ku, wannan shine mafi kyau da na taɓa yi, shi yasa na ɗauke shi hoto. Duk wanda ya nuna maka harbi uku a rami ɗaya yace bindigarsa kenan, ka ce ya harba goma, sannan ya sake goma gobe. Uku sa'a tana iya haɗa su. In na haɗa duk takardun da ke littafina, masu kyau da marasa kyau, bindigar nan 'yar rabin inci ce ko ƙasa da haka kaɗan, kuma hakan ya ishe ni gasar da nake zuwa. In za'a tilasta min na jera, zan ce bututu da aikin maƙeri, sai harsashi, sai shimfiɗa da madubi, amma da zarar an wuce yadi 600 duk wannan jerin mai harbi da iskarsa sun hau kansa.

Abin da ba'a faɗa maka da wuri shine bututu yana mutuwa. Wutar albarushi tana cin farkon tsagin a hankali, irin harsashina ana samun harbi 2,000 zuwa 3,000 kafin ya daina yin na gasa, wani harsashin da ake kira .308 kuma yana kaiwa ninkin haka dan albarushinsa bai kai yawa ba in aka kwatanta da faɗin raminsa. In ka lissafa lokacin da harsashi ke yi a ciki, duk rayuwar bututun 'yan daƙiƙu ne. Nawa ya fara nuna alama, cikin goma sai ɗaya ya fice ba dalili, maƙerin ya leƙa da madubin ciki yace maƙogwaron, wato farkon tsagin, ya tsattsage. Na bada odar sabo, sun ce sai na jira, kuma in ya zo duk gwajin harsashin nan daga farko za'a sake. Kafin nan na koma harba ƙaramar bindiga da ake kira .22 a yadi 100 da 200, harsashinta arha ne kuma iska na wasa da ita sosai, dattijon yace in na iya karanta mata iska to babbar ba zata bani wahala ba. Uwargida dai ta riga ta ce kuɗin sabon bututun daga kuɗin aikin ƙarin lokaci zai fito, ba daga na cefane ba.